Kurakuran da ake yi wajen zaɓen agogon hannu mai batir

Tun da kamfanin Seiko ya fito da Astron, agogon hannu mai dutsen kwaz na farko a kasuwa, a ƙarshen 1969, kiyaye lokaci ya daina zama abin taƙama. Ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da ke cikin agogo mai batir yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, mai tsada da mai araha kusan duk haka. Yawancinsu kuskurensu bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 30 a wata ba. Don haka mai tambayar "wanne ya fi daidai?" ya bar jaki yana dukan taiki. Bambancin yana jikin agogon.

Kife shi ka karanta bayansa. In ka ga an rubuta Stainless Steel Back, murfin baya kaɗai ne ba ya tsatsa, sauran jikin sau da yawa gaurayen ƙarfe ne da aka yi wa ruwan gwal ko na azurfa. Da zufa ta fara cinsa sai gefuna su koɗe, wani ma nikel ɗin ciki ya sa masa ƙaiƙayi. Nemi wanda aka rubuta All Stainless Steel, ko ka haƙura da ƙyalli ka ɗauki na roba.

Rubutun 30M, mai nuna juriyar agogo ga ruwa, kuwa ya yaudari mutane da yawa. Ba nutso na mita talatin ake nufi ba. Yayyafi da wankin hannu kawai zai jure. Mai son iyo ya nemi 100M, kuma kada ya danna maɓalli a cikin ruwa. Duk lokacin da aka canza batir, ka sa mai gyara ya duba zoben robar da ke ƙarƙashin murfi, don ta nan raɓa ke shiga ta lulluɓe gilashi.

Wajen girma, ana kallon faɗin fuska a manta da kunnuwan da madauri ke kamawa. In sun zarce wuyan hannunka, agogon zai yi ta lilo yini guda. Ɗaura shi ka lanƙwasa hannu, ka ji ko makunnin yana sukarka. Casio F-91W bai fi giram 21 ba, ina ganin rashin nauyin nan na cikin abin da ya riƙe shi a kasuwa tun 1989.

Gilashin roba na saurin karcewa amma yana goguwa, na saffaya, wato wani gilashi mai tauri sosai, da wuya ya karce. Ƙananan da'irorin da ke fuskar wasu agogunan ado ne kawai: danna maɓallan gefe ka ga ko allurarsu za ta motsa.

Sai mataccen batir da ake bari a ciki wata da watanni, har ya zubo ya cinye injin. Cire shi da wuri. In agogonka batir mai lamba SR626SW yake ci, kada ka yarda a sa maka LR626. Girmansu ɗaya, amma na biyun ya fi saurin ƙarewa da yoyo.