Yadda ake kaɗa Am, G, F, E irin na filamenko a kibod ko jita

Akwai wasu kod guda 4, wato sautuka da ake haɗawa a kaɗa su tare, da in ka iya su to ka samu makullin waƙoƙi da yawa, su ne Am, G, F sai E. An fi saninsu a kiɗan filamenko na yankin Andalusiya a kudancin Sifen, wato wani ɓangare na Andalus ɗin nan da muke ji a tarihi, shi yasa makaɗa ke kiran jerin da saukar Andalusiya. Mawaƙan Amurka da Ingila sun daɗe da aro shi, Hit the Road Jack ta Ray Charles a 1961 kusan gaba ɗayanta a kansa take tafiya.

Mu fara da kibod tunda shi ya fi sauƙin gani. Hannun hagu ya danna A, sai G, sai F, sai E, ɗaya bayan ɗaya yana yin ƙasa kamar mai saukowa daga bene. Hannun dama kuma A C E, sai G B D, sai F A C, na ƙarshe E G# B. Ka ƙirga 4 a kan kowanne, a hankali dai, babu inda za ka.

Toh ga inda maganar take. Wannan G# ɗin baƙin maɓalli ne, kuma shi kaɗai ne baƙi a duk jerin, mutane da yawa sai su ga ai sauran duk farare ne bari su danna G kawai, shikenan sun mayar da shi Em sun kashe abin. Gwada duka biyun ka ji da kunnenka, da G sautin kwanciya yake yi lakwas, da G# kuwa sai ka ji ya miƙe yana jan ka ka koma Am. Sannan tsakanin F da E rabin taki ne kawai, babu baƙin maɓalli a tsakaninsu, wannan matsewar ita ke kawo ɗanɗanon Sifen ɗin. Ni a ganina in ka ɓata minti 10 kana F, E, F, E kaɗai ka fi wanda ya yi ta zagaye huɗun a guje.

A jita kuma, Am da E kamun yatsu ɗaya ne. A Am manuniya tana firet na 1 (firet su ne gaɓoɓin wuyan jita) a tsirkiya ta 2 (ana ƙirgawa daga siririyar ta ƙasa), yatsan tsakiya firet na 2 a tsirkiya ta 4, yatsan zobe firet na 2 a ta 3. In za ka E sai ka ɗaga su gaba ɗaya kowanne ya koma tsirkiyar da ke samansa. F ce ke sa sabbin koyo su ajiye jita saboda sai manuniya ta danne tsirkiyu shida, yatsa ya yi ta zogi. Ga dabarar ’yan filamenko: riƙe kamun E ɗin nan ka zame shi gaba da firet ɗaya, ka bar tsirkiya ta 1 da ta 2 a sake suna ƙara, ka samu F ɗinka, har ma ta fi ta littafi yaji. Ƙara zamewa gaba da firet biyu ka samu G.

Wani abu kuma, a waƙoƙin zamani Am ne gida, ana isa E a juyo. Su kuwa ’yan filamenko E ɗin ne gidansu, a nan suke tsayawa su daɗe, har a nan suke rufe kiɗa. Ka nemi kiɗan Paco de Lucía, shahararren mai jitar filamenko, ka saurara da kyau za ka ji. Saboda haka zaɓi ya rage naka, in waƙar soyayya kake haɗawa koma Am, in kana son zafin nan na Andalusiya zauna a E kar ka yi saurin tashi.

Hannun dama a jita, dunƙule yatsu ka sake su ɗaya-ɗaya da sauri daga ƙarami zuwa manuniya farce na bugun tsirkiya, sunansa rasgiyado, amma bari sai canjin kod ya zauna tukuna.

In muryar mai waƙar ba ta dace da Am ba, matsar da komai zuwa Dm, C, Bb, A, a nan kuma C# na cikin A ɗin ne ba a canzawa. Mai jita ya ɗaura kafo, maɗaurin nan da ke danne tsirkiyu, kawai a firet na 5 ya ci gaba da kamun da ya saba.