Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Rola Kosta da Lissafin da Ke Hana Ƙwallo Faɗowa

Jirgin nan na filayen wasa da ke gangarowa da mutane suna ihu, ya juya da su kai ƙasa a sama, wato rola kosta, yawancin ire-irensa ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa kan tudun farko, daga nan a sake shi, jan ƙasa ya ƙarasa aikin. Ƙaramin da za ka haɗa a ɗaki ma haka yake. Tsayin tudun farko shi ne jarinka gaba ɗaya, babu mai ƙara maka ko kwabo a hanya, kowane tudu da kowace kwana kuwa sai sun ci wani abu a ciki. Saboda haka takarda da biro ake fara ɗauka kafin almakashi.

Kayan aiki

Nemi soson nan da masu gyaran AC ke rufe bututu da shi, ka tsaga shi biyu ta tsawo, zai ba ka kwararo biyu. Wannan ce hanyar jirgin. Jirgin kansa ƙwallon gilashi ne ko ƙwayar boris babba wadda za ta yi yawo a kwararon ba tare da ta matse ba. Sai salatif, gam, tef ɗin awo, kwali mai kauri ko falanki na gindi, da abin yin ginshiƙai: siraran katako, ko karan dawa busasshe madaidaici, wanda ba shi da nauyi kuma yana yankuwa da reza.

Mataki na farko: auna asarar hanyarka

Mutane da yawa kan tsallake wannan, su kuma ne ke kwana suna ɗaga tudu suna sauke shi. Lanƙwasa kwararo ɗaya ya yi kwari, gefe biyu a sama, tsakiya a ƙasa. Saki ƙwallon daga wani tsayi da ka auna, ka sa ido kan inda ya tsaya a ɗaya gefen kafin ya juyo. Ba zai taɓa kai tsayin da ya baro ba, domin guga tsakaninsa da soso da iska sun ci rabonsu. A ce ka sake shi daga santimita 100, ya kai 80 bayan ya yi tafiyar mita biyu da rabi. Ka yi asarar santimita 20, wato 8 a kowace mita. Maimaita gwajin sau da yawa ka ɗauki matsakaici. Lambar da ka samu ta sosonka ce da ƙwallonka, kada ka ari ta wani.

Mataki na biyu: san gudun ƙwallon

Abin da ya zame ba tare da guga ba, gudunsa a ƙasan gangara shi ne √(2gh). A nan g shi ne jan ƙasa, 9.8, h kuma tsayin da aka gangaro a mita. Amma ƙwallo ba zamewa yake ba, mirginawa yake, kuma kashi biyu cikin bakwai na ƙarfinsa yana tafiya ne wajen juya jikinsa. Don haka nasa lissafin √(10gh/7) ne. Tudu mai santimita 120 zai ba ka gudun kusan mita 4.1 a sakan ɗaya, maimakon 4.85 na mai zamewa. Lura cewa nauyin ƙwallon bai shigo lissafin ba ko kaɗan. Wani abin kuma, in ka ninka tsayin tudu sau biyu gudun ba zai ninku ba, sai ka ninka tsayin sau huɗu.

Mataki na uku: zoben juyi

Zoben juyi shi ne inda hanya ke naɗewa sama ta zagayo kamar zobe. A nan ake gane wanda ya yi lissafi. Lokacin da ƙwallon ya kai ƙololuwar zoben, hanya tana samansa, babu komai a ƙarƙashinsa. Gudu ne kawai ke riƙe shi a jikin hanyar. Idan R shi ne rabin faɗin zoben, dole ne gudun a can sama, in an ninka shi da kansa, ya kai g sau R ko ya wuce. Ƙasa da haka sai ya saki hanya ya faɗo tun bai kai tsakiya ba.

Hawa ƙololuwar zoben yana cin tsayi 2R. Gudun da ake bukata a can, tare da mirginawar ƙwallon, yana cin wani 0.7R. Jimilla 2.7R, ana aunawa daga ƙasan zoben, ba daga daɓen ɗaki ba. Littattafan makaranta sukan ce 2.5R, wannan na abin da ke zamewa ne. Zobe mai faɗin santimita 30 yana da R na 15, saboda haka mafi ƙarancin tsayi santimita 40.5 ne, a duniyar da babu guga. Yanzu kawo asarar da ka auna. In ƙwallon zai yi mita biyu kafin ya iso zoben, ƙara 16, da wasu 4 na hawa rabin zoben, ka tashi da kusan 60. A kan wannan ma sai ka bar rara mai kauri, domin a cikin zobe ƙwallon yana danne soso da ƙarfi fiye da a miƙaƙƙiyar hanya, gugar ta ƙaru. Shi ya sa zobe mafi girma ake sa shi kusa da tudun farko, tun jari bai taɓu ba.

Kada ka wahalar da kanka wajen sa zoben ya zama da'ira cif. Bar shi ya yi tsawo, ƙasansa a buɗe, samansa a tsuke. Manyan jiragen sun koyi wannan da wuya. A 1895 an buɗe wani rola kosta mai suna Flip Flap Railway a Coney Island da ke birnin New York na Amurka, zobensa da'ira ce zalla, kuma fasinjoji sun riƙa fita da ciwon wuya. Dalilin a lissafe yake: jirgin da zai tsallake ƙololuwar da'ira da ƙyar, sai ya shigo ƙasanta da gudun da zai sa mutum ya ji nauyinsa ya ninku sau shida, kuma a bugu ɗaya. Injiniyan Jamus Werner Stengel, tare da maƙeri Anton Schwarzkopf, su ne suka kawo zoben da lanƙwasarsa ke ƙaruwa a hankali, wanda aka gani a jirgin Revolution na filin wasa na Magic Mountain a Kalifoniya a 1976. A ƙasa, inda gudu ya yi yawa, lanƙwasar ba ta da tsanani. A sama, inda gudu ya ragu, R ƙarami ne, don haka gudun da ake bukata kaɗan ne. Soso da kansa yakan so ya ɗauki wannan siffa in ka ƙyale shi.

Mataki na huɗu: tuddai da kwanoni

Kowane tudu ya zama ƙasa da layin asararka. Zana wannan layi a takarda: ya tashi daga kan tudun farko, yana sauka da santimita 8 a kowace mita ta hanya, ko duk lambar da ka samu. Kada wani tudu ya taɓa shi.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren. Ƙwallon da ya zo kan tudu da gudu mai yawa zai tashi sama ya bar hanya. Raba gudun da aka ninka da kansa da 9.8, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin R na doron tudun. Gudun mita 2 a sakan yana bukatar doro mai R na kusan santimita 41. Manyan jiragen suna da tayoyi a ƙarƙashin dogo da ke riƙe su, dabarar da John Miller ya yi wa rajista a 1919. Ƙwallonka ba shi da wannan gata, sai dai ka faɗaɗa doron ko ka ɗaga tudun domin ya cinye gudun.

Kwana kuma dole a karkata ta zuwa ciki. Raba gudun da aka ninka da kansa da g sau R na kwanar, amsar ita ce tan na kusurwar karkatar, maɓallin tan⁻¹ na kalkuletar wayarka zai fitar maka da kusurwar. Gudun mita 2 a kwana mai R na santimita 40 yana ba da kusan digiri 45, karkatar da ido zai ce ta yi yawa har sai ka ga ƙwallon ya bi ta lami lafiya.

Mataki na biyar: ginshiƙai

Kafa tudun farko da zobe tukuna, ka gwada, sannan ka ci gaba gaɓa bayan gaɓa. Duk hanyar da ke rawa idan ƙwallo ya wuce tana satar ƙarfinsa, kuma lissafinka bai san da wannan sata ba. Ginshiƙi biyu da sanda a kwance murabba'i ne, yana karkacewa da ɗan turi. Gitta masa sanda daga kusurwa zuwa kusurwa ya koma alwatika biyu, sai ya tsaya kyam. Siririn ginshiƙi ba karyewa yake fara yi ba, gantsarewa yake, kuma in tsawonsa ya ninku biyu, nauyin da zai iya ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗaure shi a tsakiya da maƙwabcinsa ya fi sauya shi da mai kauri.

Yawaita ginshiƙai a ƙasan gangara, da mashigar zobe, da bayan kwana, domin nan ne ƙwallon ke dannawa. Kan tudu ba ya bukatar da yawa. Wajen haɗa kwararo biyu, sa salatif ta waje, ka shafa yatsa a ciki. In ka ji tudun mahaɗa, ƙwallon ma zai ji.

Mataki na shida: gwaji

In ƙwallon ya faɗo a zobe, ɗaga tudun farko ko ka rage zoben. In ya fice a kwana, ƙara karkata. Sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. A ƙarshen hanya aje kofi da tsumma a ciki ya tare ƙwallon.

Wanda ke kwaikwayon wani babban jirgi zai ga nasa kamar yana sauri fiye da kima, kuma ba laifin gini ba ne. In ka rage tsayi sau 25, misali tudun mita 30 ya koma santimita 120, gudu yana raguwa sau biyar kawai, tafiyar minti biyu kuma ta ƙare a sakan 24. Kusurwoyin kwana da siffar zobe ba sa sauyawa. Ɗauki bidiyonsa da waya ka rage saurin hoton sau biyar, motsin zai yi daidai da na babban jirgin.