Shawara Ga Masu Neman Gida Da Masu Neman Aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga mai neman gidan haya, kada ya biya ko sisi kafin ya ga gidan da idonsa sau biyu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan faɗuwar rana, domin da dare ne ake sanin halin unguwa, da ƙarar injinan maƙwabta, da yanayin tsaro. Ku tambayi waɗanda suke zaune a wurin game da ruwa da wuta da kwatami lokacin damina, tunda dillali burinsa ya karɓi la'adarsa ne, ba lallai ya faɗa muku aibin gidan ba. Sannan ku nemi yarjejeniya a rubuce tare da rasit ɗauke da sunan mai gidan.

Neman aiki kuwa ya fi sauƙi idan mutane sun san abin da kuka iya, don haka ku riƙa zumunci da tsofaffin abokan karatu tun kafin buƙata ta taso. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ku aiki, ku guje shi. Kuma idan albashin farko ya shigo, ku ware kuɗin haya kafin ku yi tunanin sabuwar waya.