Yadda Za Ki Haɗa Wa Yaranki Littafin Hotuna Na Itatuwan Garinku

Da yawa daga littattafan hotuna da ake shigo mana da su cike suke da dusar ƙanƙara da bishiyar tuffa, alhali yaron birni da ke shan miyar kuka kullum wataƙila bai taɓa ganin kuka a tsaye ba. Ku haɗa naku littafin a gida, ba ya cin kuɗi.

Ki tanadi farar takarda guda 6, kwali, fensir mai launi, tsohuwar jarida, gam, allura da zare. In babu gam, a jiƙa ƙaro, shi ma yana kamawa.

Fita ake fara yi, zane ya biyo baya. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, ki kai yaran gonar dangi ko bayan gari, ko ma gindin darbejiyar da ke layinku. Bishiya ɗaya ta isa a kowace fita. Ki bar su su shafa ɓawonta, su sansana ganyen, su ɗaga kai su ga wa ke zaune a sama: kurciya ce, ƙadangare ne, ko jerin tururuwa? Ki yawaita tambaya, ki rage bayani. Sai dai kada su ɗaga dutse da hannu saboda kunama, kuma su nisanci tumfafiya, don farin ruwanta yana cutar da ido.

Da kun dawo, a shimfiɗa ganyen da aka tsinto tsakanin jarida, a ɗora turmi a kai har mako guda. In ya bushe, a manna shi a gefe ɗaya, yaro ya zana bishiyar a ɗaya gefen. Don Allah kada ki gyara masa zanen. Ko tsamiyarsa ta fito kamar laima, tasa ce.

Rubutu kuwa layi ɗaya ya wadatar, kuma daga bakin yaro: "Wannan aduwa ce, tana da ƙaya." A nan ne kaka ke da rana. A kai mata shafin, ita za ta gaya musu cewa daga kalwar ɗorawa ake yin daddawa, ta bambance musu giginya da goriba, mai yiwuwa har da tatsuniya a kai. Abin da ta faɗa a rubuta shi a ƙasa.

Daga nan a ninke takardun biyu, a sa kwali a baya, a ɗinke tsakiya. Shafi 24 ke nan. Yaro ya rubuta sunansa a bango.

Ki bar wa gawo shafi biyu. Shi ganyensa da rani yake fitowa, da damina kuma ya kakkaɓe, saɓanin sauran itatuwa. Ku zana shi da rani, sannan in shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, ku koma gindinsa da littafin a hannu ku cika shafi na biyu.