Yadda ake rubuta wasiƙa da hannu, ga wanda ya manta

Jama'a WhatsApp ya sa hannunmu ya mutu wallahi, to ga yadda za ka yi in kana son rubuta ma wani naka wasiƙa, ko Hajiya ko ƙanenka da ke makarantar kwana.

Nemi farar takarda mai layi da biro shuɗi ko baƙi, ban da ja, wannan na malaman makaranta ne. Ka sa wasu takardun a ƙarƙashi don biron ya zauna. Adireshinka a sama ta dama, sai kwanan wata, kada ka tsallake shi don bayan shekara 20 shi za a fara dubawa.

Gaisuwa ita ce rabin aikin. Babba ba a faɗa mashi magana kai tsaye, sai ka yi sallama, ka ce bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lahiya kamar yadda muke nan lahiya, ka bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunansu har jaririn da aka yi suna jiya, don tsaye za a karanta ta a tsakar gida kuma duk wanda bai ji sunanshi ba sai ya riƙe ka. Sannan ka ce bayan haka, ka shiga magana.

Maganar kuma ba sai babba ba. Hazon bana, kuɗin gero a kasuwa, wanda ka gamu da shi a Ƙofar Ƙaura. Ka rubuta yadda kake magana, in ka yi kuskure ja layi ɗaya ka wuce, ni ban yarda da sake kwafewa ba, hannunka ake son gani ko da kamar tafiyar kaza ne.

In wanda za ka aika mawa tsoho ne mai karanta ajami to da ajami za ka yi mashi, ka samu wani alaramma ya fiƙe maka alƙalamin kara ya ɗan sam maka tawada, amma ka bari ta bushe kafin ka naɗe, in ba haka ba duk ta dame.

Ka rufe da wassalam, ni ne naka wane. Ninki uku, cikin ambulan. Gidan waya za su saida maka kan sarki, amma mutanenmu sun fi ba direba a tasha, to ka rubuta lambar mai karɓa ɓaro-ɓaro a bayan ambulan ɗin, kuma don Allah kar ka sa kuɗi a ciki.