Idan naku ya ɓata a Damagaram: abin yi tun daga awar farko har gaban alƙali

Maganar ɓatan mutum, ko ta kisan da ba a gano wanda ya yi ba, galibi a kwana uku na farko take lalacewa. A kwanakin nan ne ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi yake iya tuna inda ya sauke shi, mai shayi yake iya tuna da wa ya gan shi, waya ma ba ta riga ta mutu ba. Dangi kuwa sai su ƙare kwanakin wajen kuka, da zuwa gidan malam, da jiran "ƙila ya dawo da kansa". Addu'a wajibi ce, amma a raba aiki: wasu su zauna kan tabarma, wasu su fita da biro da littafi.

Ku fara da naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafi. A sayi kaye sabo, kada a rubuta komai a cikinsa sai wannan magana. Shafin farko: cikakken suna da laƙabin da aka fi saninsa da shi, sunan uwa da na uba, shekaru, tsawo, launin fata, tsagar fuska in akwai, tabo, wushirya ko karyayyen haƙori, ɗingishi, ciwon da yake fama da shi da maganin da yake sha. A rubuta tufafin da ke jikinsa har da takalmi. Sannan a rubuta wanda ya gan shi na ƙarshe, a ina, da wane lokaci. Mutanenmu da salla suke lissafin lokaci, to a rubuta yadda suka faɗa, "bayan la'asar, kafin a tashi daga makarantar allo", daga baya a mai da shi ƙarfe. Kowane shaida a tambaye shi shi kaɗai. In aka tara su a zaure guda, na biyu zai gyara maganarsa ta yi daidai da ta na farko, kuma ba da niyyar ƙarya ba.

Hoto ya zama na kusa, fuska a fili, ba wanda aka yi wa kwalliyar waya ba. Hoton salla da aka ƙara wa haske ya sha sa an wuce yarinya a tasha ba a gane ta ba.

Neman kusa da gida ya riga neman nesa, musamman in yaro ne ko tsoho mai ruɗewa. A duba rijiyoyi, da ramukan masai da aka haƙa ba a rufe ba, da kangaye, da motocin da aka daɗe da ajiyewa, da ramukan da ake fasa dutse. Da damina tafkunan cikin gari da kududdufai su ne farkon wurin zuwa, kuma a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kada matasan unguwa su faɗa ruwa ko rijiya da kansu. Tsohuwar rijiya tana tara iska marar kyau a ƙasa, mai shiga ceto yana iya suma kafin ya kai ga wanda ya je ɗaukowa. A lokaci guda wani ya nufi babban asibitin ƙasa na Damagaram, ya tambaya a sashen gaggawa, ya kuma daure ya leƙa ɗakin ajiye gawa. Wanda aka kawo daga haɗari ba takarda a jikinsa, da siffa ake rubuta shi, don haka tambaya da suna kaɗai ba ta isa, a nuna hoto.

Kai ƙara a ranar, ba gobe ba

Babu dokar da ta ce sai an cika awa 24 kafin a sanar da hukuma. Wannan magana ce ta yawo a bakin mutane. A cikin gari komisariya za ku je, ko ku kira 17. A ƙauyukan Mirya, Magarya, Kance, Tanut ko Gure, jandarmomi ne ke da hurumi. In yaro ne ko yarinya da ba ta kai shekara 18 ba, ku nemi a haɗa ku da sashen da ke kula da ƙananan yara.

A nan ne iyalai da yawa suke tuntuɓe. Su je su faɗa da baki, jami'i ya ce "to, mun ji, za mu duba", su koma gida da zaton an buɗe bincike. Ku nemi a ɗauki bayaninku a rubuce, a yi takardar PV, wato rubutaccen rahoton hukuma, a karanta muku ita da Hausa kafin ku sa hannu, domin da Faransanci ake rubuta ta, kuma kuskuren rana guda ko na sunan unguwa yana iya bin dosiyen har ƙarshe. Ku karɓi lamba da kwanan watan da aka rubuta ƙarar, da sunan jami'in da ke riƙe da ita, ku shigar a littafinku. Ku faɗi gaskiya ko da tana da nauyi: in an yi rigima a gida, in ana shirin yi wa yarinya auren da ba ta so, in yaron yana shaye-shaye ko yana zama a wata fada, wato majalisar samari, da ake kuka da ita, in ana bin sa bashi. Ɓoye irin wannan don kunya yana tura masu bincike gabas alhali maganar tana yamma. Ku kuma sani cewa baligi mai hankali yana da ikon barin gida, saboda haka ku bayyana abin da ya sa tafiyar ta zama abin tsoro: ya bar maganinsa, ya bar kuɗinsa da katin shaidarsa, ko an taɓa yi masa barazana.

Daga nan sai mai unguwa ko mai gari. Cigiya ta bi ta masallatai bayan salla, da gidajen rediyo irin su Anfani da Shukura, da bakin Kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis da mutanen karkara suke shigowa. A cigiyar ku ba da lambar waya ɗaya tak. Ku ɓoye alama guda da ba ku faɗa wa kowa ba, kamar tabon da ke ƙarƙashin riga ko sunan da kakarsa ke kiransa da shi. Da zarar lamba ta shiga WhatsApp da Facebook, ƴan damfara za su kira su ce yana hannunsu, a turo kuɗin mota ko na magani. Ku tambaye su wannan alama, ko ku ce a ba shi waya ya yi magana. Kada kuma ku ɗora sunan wanda kuke zargi a intanet. Ban da cewa dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024, tana hukunta ɓata suna da ɗauri, jita-jitar satar yara tana iya sa taro ya kashe marar laifi, mai laifin kuma ya samu labari ya tsallaka iyaka.

Waya, kuɗi da tasha

Waya ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Kada dangi ashirin su yi ta kira har batir ya ƙare, mutum ɗaya ya riƙa gwadawa jefi-jefi yana rubuta ko ta shiga ko a kashe take. A ɗauki hoton shafinsa na WhatsApp inda ya nuna lokacin da ya hau na ƙarshe. Babban kuskure shi ne zuwa ofishin kamfani a sake ciro layin don a ga saƙonninsa: da an kunna sabon, tsohon da ke hannunsa ya mutu, hanyar bin sawu ta toshe. A nemo kwalin wayar, akwai lambar IMEI mai alƙaluma 15 a jikinsa. Da ita ake gane wayar ko an sa mata wani layi. Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom ba za su ba ku jerin kiransa ba, sai da takardar umarni daga masu bincike ko alƙali. Aikinku shi ne ku ba da lambobin duka layukansa, ku roƙi a aika wannan takarda da wuri, ku koma ku tambaya ko amsa ta zo, domin kamfani ba ya ajiye bayanan har abada.

Haka ma rasitan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza. Kowane rasit yana ɗauke da rana, da suna, da wurin da aka aika ko aka ciri kuɗi. A tattara su duka.

A tasha, manyan kamfanonin bas irin su Rimbo da STM suna rubuta sunan fasinja, ƙananan motoci kuwa sai dai a dogara da ƴan kamasho da direbobi. A je da hoto a daidai lokacin da ake zaton ya tashi, domin masu aikin asuba ba su ne na yamma ba. Hanyoyin fita sanannu ne: ta Matamai zuwa Ɗan Barto da Kwangwalam, a faɗa Daura da Kano, ta Magarya, ta Dungas zuwa Maigatari, sai hanyar Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas. In almajiri ne ya ɓata a Najeriya, a samo cikakken sunan malaminsa da unguwar da tsangayar take, a kai rahoto wajen ƴan sandan can ma, domin ƙarar da aka yi a Damagaram ba ta tsallaka iyaka da kanta.

Hanyar arewa tana da nata tsari. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Har yau mutanenmu na bin wannan hanya, wasu kuma Dirku da Libiya ko wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten. Mai neman wanda ya bi nan ya rubuta ranar da ya bar gida, garin da ya yi kira na ƙarshe da lambar da ya kira da ita, sunan wanda ya haɗa shi da mota, da sunayen abokan tafiya. Abokan tafiyar nan su ne ainihin hanya, a bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. A tambayi waɗanda aka koro daga Aljeriya ta Asamaka, a kai bayani ofishin Croix-Rouge ta Nijar, wadda ke da aikin sada waɗanda suka rabu da danginsu, da hukumar OIM mai kula da masu ƙaura, wadda ke da cibiyoyi a Agadas da Arlit. Shiru na watanni ba lallai mutuwa ba ne, wanda aka tsare a gidan kaso a wata ƙasa waya ake fara ƙwace masa. In kuwa akwai alamar an yaudari yarinya ko yaro da sunan aiki, a ambaci fataucin mutane a cikin ƙarar. Dokar 2010 ta haramta shi, akwai hukumar ƙasa da ke yaƙi da shi, kuma a nan Damagaram aka buɗe gidan farko na karɓar waɗanda aka ceto a 2019.

In gawa aka tsinta

Zuciya za ta so a rufe shi, a ɗauke shi daga idon mutane, a yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Wannan gaggawa tana binne shaida tare da mamaci. A kori taro baya kamar taku ashirin, kada a juya gawar, kada a zare wuƙa ko igiya, kada a share jini ko a taka sawun ƙafa da na babur. A kira hukuma. In iska ko ruwan sama na shirin shafe sawu, a kife masa kwano, a ɗauki hoto daga nesa sannan daga kusa. Kada a yi wanka sai likita ya duba bisa umarnin masu bincike ya rubuta raunukan: inda suke, girmansu, da irin abin da ya yi su. Wanka yana tafiya da abin da ke ƙarƙashin farce da jikin fata. Tufafin mamaci a miƙa su ga masu bincike. Mai jiƙe da jini a bar shi ya bushe a inuwa, a sa a takarda ko kwali, ba leda ba, domin leda tana riƙe danshi ya ruɓe cikin zafinmu. Jinkirin ƴan awoyi don fito da haƙƙin jini ba wulaƙanta mamaci ba ne. In ba a san ko waye ba, a ɗauki hoton fuska da alamomin jiki, a rubuta daidai inda aka binne shi a maƙabarta, don ranar da danginsa za su zo.

Dosiye daga komisariya ko jandarmomi yana zuwa hannun alƙali mai shigar da ƙara a babbar kotun Damagaram. Tsarewar farko awa 48 ce, sai in shi ya ba da izinin ƙari, don haka sakin wanda ake zargi ba kullum yake nufin an ci hanci ba, sau da yawa shaidu ne suka ƙi zuwa. Ku raka shaidunku da ƙafarku. Maganar kisa ana miƙa ta ga alƙali mai bincike. In an ajiye dosiyen ba a ci gaba ba, doka ta ba iyali damar kai ƙara kai tsaye gaban alƙali mai bincike a matsayin waɗanda aka cuta, ko da ba a san mai laifin ba. Yana iya yanka kuɗin ajiya da za a biya a kotu, a karɓi rasit. Amfanin wannan matsayi shi ne lauyanku yana iya ganin dosiye, ya nemi a saurari wani shaida. Marar hali ya nemi ofishin ANAJJ da ke kotun, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon shari'a kyauta. Laifin kisa yana da wa'adin shekara 10 in ba a ɗauki wani matakin bincike ba, kowane sabon mataki kuma yana sabunta lissafin. Saboda haka duk sabon bayani a kai shi a rubuce, kofi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naku. Sulhu ko yafiya tsakanin dangi ba ya rufe tuhumar kisa, wannan tana hannun hukuma.

Idan shekaru suka ja ba labari, maganar aure da gado za ta taso. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar wanda ya ɓata tana kai maganarta gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Lissafin yana farawa daga kai maganar gaban alƙali, ba daga ranar da mijin ya bar gida ba. In bai bar mata abin ci ba, tana da damar neman a raba auren tun kafin nan. Dukiyarsa kuwa ba a rabawa sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Kafin lokacin a ƙidaya gonaki, dabbobi da basussuka a gaban mai gari da shaidu biyu, a rubuta wanda aka ba riƙo, a haɗa takardar da lambar ƙarar farko.