Yadda Magoyin Baya Zai Auna Cinikin 'Yan Wasan Besbol a Lokacin Hutu

Da zarar an kammala World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran kaka, ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, sukan shiga saye da musayar 'yan wasa, musamman a taron da shugabanninsu ke yi a watan Disamba. Kafin ka yaba ko ka kushe, fara tantance raunin da ƙungiyarka ta nuna a kakar da ta wuce, domin sayen gwanin bugun ƙwallo da sanda ba zai magance matsalar masu jefa ƙwallo ba, alhali wasanni 162 ne ke jiranta.

Sannan ka duba tsarin kwantiragin, kada ka tsaya a kan jimillar kuɗin. A Disambar 2023 ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta ɗauki fitaccen ɗan wasa Shohei Ohtani kan dala miliyan 700 na shekara goma, amma an ɗage biyan miliyan 680 zuwa bayan ƙarewar wa'adin, abin da ya bar wa ƙungiyar sararin sayen wasu. A ganina, shekarun ɗan wasa ma sun fi sunansa muhimmanci, domin wanda ya haura talatin da biyu ya karɓi kwantiragi mai tsawo, sau da yawa ƙarshen kwantiragin nauyi ne ga ƙungiya.

Kada ka manta da waɗanda suka tafi. Jerin 'yan wasan ƙungiya mutum 40 ne, kuma idan ya cika, duk sabon shiga sai ya kori wani, wataƙila matashin da ake reno. Ka jinkirta hukuncinka har atisayen da ake farawa a Fabrairu a Florida da Arizona.